BABI NA UKU: TASHIN FARASHIN MAN FETUR DA YUNƘURIN ƘERA MOTOCI MASU TSIMIN MAI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin dangantakar da ke tsakanin tashin farashin man fetur da yunƙurin ƙera motoci masu tsimin mai, tun daga shekarar 1973. An fi mayar da hankali a kan ƙasar Amurka, saboda ita ce ta fi kowace ƙasa shan mai a wancan lokaci, kuma a can ne aka fi fafatawa tsakanin gwamnati da kamfanonin ƙera motoci da masu saye. Daga nan za a kwatanta ta da ƙasashen Turai da Japan, sannan a dubi inda Nijeriya ta tsaya a matsayinta na ƙasa mai sayar da ɗanyen mai.

Abin da ake nufi da tsimin mai a nan shi ne tsawon tafiyar da mota za ta yi da wani ƙayyadadden ma'auni na mai. Amurkawa suna auna shi da yawan mil a kan galan guda. Galan ɗinsu ya kai lita 3.8, mil kuwa ya kai kilomita 1.6, don haka an juya muhimman alƙaluma zuwa kilomita a kan lita domin sauƙin fahimta. Babin zai nuna cewa tsadar mai ita ce ke farkar da jama'a, amma da zarar farashi ya sauka sai a koma gidan jiya, in dai ba akwai wata doka ko haraji da ke riƙe da nasarar da aka samu ba.

3.1 Zamanin Arahar Mai

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa farkon shekarun 1970, man fetur abu ne mai araha ƙwarai a Amurka. Ƙasar tana haƙo mai da yawa a cikin gida, manyan kamfanonin mai na Turawan Yamma kuma su ne ke yanke farashin ɗanyen man Gabas ta Tsakiya, inda ganga guda ta daɗe ba ta wuce dala 3 ba. A shekarar 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗe jihohin ƙasar, masu tsawon mil 41,000. Wannan ya ƙarfafa wa mutane guiwar gina gidaje a bayan gari, nesa da wuraren aikinsu, har mota ta zama abin da ba a iya rayuwa sai da ita.

Kamfanoni uku da ke da cibiya a yankin birnin Detroit, wato General Motors da Ford da Chrysler, su ne suka mamaye kasuwa. Ribarsu ta fi yawa a kan manyan motoci masu nauyi, masu inji mai filogi takwas. Ƙididdigar hukumar kare muhalli ta Amurka ta nuna cewa sabuwar mota ta shekarar 1975 tana da matsakaicin nauyin da ya kai kilo 1,840, kuma mil 13 kawai take yi da galan, wato kimanin kilomita biyar da rabi a kan lita. Babu wanda ya damu da hakan a lokacin da galan bai kai santi 40 ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da suke sauyawa a ƙarƙashin ƙasa. Na farko, a watan Satumba na 1960 ƙasashen Saudiyya da Iran da Iraƙi da Kuwaiti da Banizuwela sun haɗu a Bagadaza suka kafa ƙungiyar ƙasashe masu sayar da man fetur, wato OPEC, domin su sami ta cewa a kan farashin dukiyarsu. Nijeriya ta shiga ƙungiyar a 1971. Na biyu, man da Amurka ke haƙowa ya kai ƙololuwa a 1970, inda ya kai ganga miliyan 9.6 a rana, daga nan ya fara raguwa, alhali buƙata tana ƙaruwa. Ke nan dole ƙasar ta ƙara dogara a kan man da ake shigo da shi daga waje.

3.2 Takunkumin Shekarar 1973

A ranar 6 ga Oktoba, 1973, Masar da Siriya suka kai wa Isra'ila hari da nufin ƙwato yankunan da ta mamaye a yaƙin 1967. Amurka ta shiga aika wa Isra'ila makamai ta jiragen sama. A ranar 16 ga watan, ƙasashen yankin Tekun Fasha suka ɗaga farashin ganga daga kimanin dala 3 zuwa sama da dala 5. Kashegari ministocin mai na ƙasashen Larabawa suka yi taro a Kuwaiti, suka yanke shawarar rage man da suke haƙowa da kashi 5 cikin ɗari a kowane wata. Bayan da Shugaba Nixon ya nemi majalisa ta ba Isra'ila agajin dala biliyan 2.2, sai Saudiyya, a ƙarƙashin Sarki Faisal da ministan mansa Sheikh Ahmed Zaki Yamani, tare da sauran ƙasashen Larabawa, suka daina sayar wa Amurka mai gaba ɗaya. An haɗa da ƙasar Holan a cikin takunkumin. A watan Disamba aka sake ɗaga farashi zuwa dala 11.65. Wato cikin wata uku kacal kuɗin ganga ya ninka kusan sau huɗu.

A cikin Amurka, farashin galan ya tashi daga kimanin santi 38 a tsakiyar 1973 zuwa santi 55 a tsakiyar 1974. Abin da ya fi tsadar tayar da hankali shi ne rashin man kansa. Motoci sun riƙa yin dogayen layuka a gidajen mai. Nixon ya roƙi masu gidajen mai su rufe ranar Lahadi. Wasu jihohi sun ɓullo da tsarin shan mai ta hanyar lambar mota, inda masu lambar da ta ƙare da mara ke shan mai a ranakun mara na wata, masu cika kuma a ranakun cika. A ranar 2 ga Janairu, 1974, aka kafa dokar hana gudun da ya wuce mil 55 a awa, wato kimanin kilomita 89, saboda mota ta fi shan mai idan tana tsananin gudu. A Turai kuwa, Holan da Jamus ta Yamma sun hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi a ƙarshen 1973.

An janye wa Amurka takunkumin a watan Maris na 1974, amma farashi bai koma inda yake a da ba. Ƙasashe masu masana'antu suka kafa hukumar makamashi ta duniya a birnin Paris a wannan shekara, domin su riƙa ajiye mai da agaza wa juna a lokacin ƙarancinsa.

3.3 Dokar Tsimin Mai ta 1975

Hanyoyi biyu ne suka bayyana a gaban 'yan majalisar Amurka. Ko dai a ɗora wa fetur haraji mai nauyi yadda masu saye da kansu za su guji manyan motoci, ko kuma a tilasta wa kamfanoni ƙera motoci masu tsimi. Hanya ta farko tana da haɗari ga ɗan siyasa, domin mai jefa ƙuri'a yana ganin kuɗin mai a duk lokacin da ya shiga gidan mai. Saboda haka aka zaɓi ta biyu.

A watan Disamba na 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar manufofin makamashi da tsiminsa. Dokar ta kafa rumbun ajiyar ɗanyen mai na ƙasa, sannan ta fito da ƙa'idar da aka fi sani da CAFE. Ƙa'idar ba ta hana ƙera babbar mota ba. Abin da ta ce shi ne, idan aka haɗa dukkan motocin da kamfani ya sayar a shekara aka fitar da matsakaici, kada ya gaza wani adadi. An sa mil 18 a galan ga motocin 1978, mil 19 ga na 1979, mil 20 ga na 1980, har zuwa mil 27.5 a 1985, wato kusan kilomita 12 a kan lita. Kamfanin da ya gaza zai biya tarar dala 5 a kan kowane kashi ɗaya cikin goma na mil da ya rage, a kan kowace mota da ya sayar. Ya kamata a lura cewa waɗannan alƙaluma na gwajin da ake yi a ɗakin bincike ne, abin da mota ke yi a kan titi ya kan gaza haka.

A cikin dokar akwai wata kafa da ba a ɗauke ta da muhimmanci ba a lokacin. An ware ƙananan motocin ɗaukar kaya, irin su a-kori-kura da jif, aka ba su ƙa'ida mai sauƙi, bisa hujjar cewa manoma da 'yan kasuwa ne ke amfani da su wajen aiki. Haka kuma, harajin da aka ɗora wa motoci masu zuƙar mai a dokar 1978, zamanin Shugaba Carter, bai shafe su ba. Za a ga illar wannan a sashe na 3.6.

3.4 Rikicin 1979 da Shigowar Motocin Japan

A watan Janairu na 1979 Sarkin Iran, Muhammad Reza Pahlavi, ya bar ƙasarsa sakamakon juyin juya hali, yajin aikin ma'aikatan mai kuma ya riga ya durƙusar da haƙo mai a can. A watan Satumba na 1980 yaƙi ya ɓarke tsakanin Iran da Iraƙi. Farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 13 zuwa sama da dala 30. Layukan mai suka dawo a Amurka, galan ya haura dala guda a karo na farko, ya kai sama da dala 1.30 a 1981.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Japan ƙasa ce da kusan duk man da take amfani da shi daga waje take sayo shi, ga ƙarancin fili da ƙananan tituna, don haka tun asali kamfanoninta ƙananan motoci suke ƙerawa. Toyota Corolla ta fito tun 1966, Honda Civic kuma a 1972. Injin Civic ya cika ƙa'idar rage hayaƙi ta dokar tsabtar iska ta 1970 ba tare da an ƙara masa na'urar tace hayaƙi ba, ga kuma tsimin mai. Daga Jamus ma Volkswagen Golf ta fito a 1974. Da mai ya yi tsada, sai Amurkawa suka juya ga waɗannan motoci, suka kuma tarar ba su cika lalacewa ba. Ya zuwa 1980 kusan kashi ɗaya cikin biyar na motocin da ake sayarwa a Amurka na Japan ne, kuma a wannan shekara Japan ta zarce Amurka a yawan ƙera motoci a duniya.

Kamfanonin Detroit sun sha wuya. Dubban ɗaruruwan ma'aikata sun rasa aikinsu. Chrysler ya kusa rushewa, sai da gwamnati ta tsaya masa ya ci bashin dala biliyan 1.5 a 1980, sannan ya farfaɗo a ƙarƙashin shugabancin Lee Iacocca ta hanyar fito da ƙananan motoci. A 1981, bisa matsin lambar gwamnatin Reagan, Japan ta amince ta taƙaita motocin da take aikawa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara. Wannan mataki bai hana Japanawa ba, sai ma suka shiga gina masana'antu a cikin Amurka. Honda ya fara ƙera motoci a jihar Ohio a 1982, Nissan a Tennessee a 1983, Toyota kuma ya buɗe tasa a Kentucky a 1988.

3.5 Dabarun da Aka Bi Wajen Rage Shan Mai

Injiniyoyi sun bi hanyoyi da dama wajen cika ƙa'idar da aka gindaya masu. Za a iya taƙaita su kamar haka:

(a) Rage nauyi. Gwargwadon nauyin mota, gwargwadon man da take buƙata kafin ta motsa. A 1977 General Motors ya rage tsawo da nauyin manyan motocinsa da ɗaruruwan kilo, aka kuma ƙara amfani da roba da alminiyom a maimakon ƙarfe.

(b) Rage girman inji. An koma ga inji mai filogi huɗu ko shida a maimakon takwas.

(c) Mayar da jan mota ƙafafun gaba. Idan inji na juya ƙafafun gaba kai tsaye, ba a buƙatar doguwar farfela da ke kai ƙarfi baya. Wannan ya rage nauyi, ya kuma bar fili a cikin mota ko da ta ƙanƙance.

(d) Maye gurbin kafireto da injekta. Kafireto yana haɗa mai da iska ne bisa kintace, injekta kuwa kwamfuta ce ke auna masa daidai man da inji ke buƙata a kowane lokaci. Ya zuwa farkon shekarun 1990 kusan duk sababbin motocin Amurka sun bar kafireto.

(e) Ƙara yawan giya da gyara siffar jikin mota yadda iska ba za ta tare ta ba, da kuma amfani da tayoyin da ba su cika jan ƙasa ba.

Sakamakon waɗannan dabaru ya fito fili. Matsakaicin nauyin sabuwar mota ya sauko zuwa kimanin kilo 1,460 a 1987, tafiyarta a kan titi kuma ta tashi daga mil 13 zuwa mil 22 a galan, wato sama da kilomita 9 a kan lita. An sami wannan ci gaba cikin shekara goma sha biyu kacal.

3.6 Faɗuwar Farashi da Komawa Gidan Jiya

Tsadar mai ta sa an rage amfani da shi, ta kuma sa an haƙo sabon mai a wuraren da ba na OPEC ba, kamar Tekun Arewa da Alaska da Meziko. Mai ya yi yawa a kasuwa. Saudiyya ta gaji da rage nata ita kaɗai, ta buɗe famfo a ƙarshen 1985, sai farashin ganga ya faɗo zuwa kimanin dala 10 a tsakiyar 1986.

Nan take himma ta yi sanyi. Bisa koken General Motors da Ford, gwamnatin Reagan ta sassauta ƙa'ida zuwa mil 26 daga 1986 zuwa 1988. An mayar da ita mil 27.5 a 1990, kuma nan ta tsaya cik har shekara ashirin. An sassauta dokar gudu a 1987, aka soke ta baki ɗaya a 1995. Daga 1996 zuwa 2001 majalisa ta hana ma'aikatar sufuri kashe ko sisi wajen ɗaga ƙa'idar.

A nan ne kafar da aka ambata a sashe na 3.3 ta yi aikinta. Kamfanoni sun gane cewa idan aka ƙera motar iyali a kan siffar motar kaya, za ta faɗa ƙarƙashin ƙa'ida mai sauƙi, wadda ta tsaya a mil 20.7 daga 1996 zuwa 2004. Chrysler ya fito da ƙaramar bas ta iyali a 1984, Ford kuma ya fito da jif ɗinsa Explorer a 1990. Irin waɗannan motoci, waɗanda ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar na kasuwa ba a 1975, sun kai kusan rabi a farkon shekarun 2000. Galan ya sauko zuwa kusan dala guda a ƙarshen 1998, don haka mai saye bai ga dalilin ƙuntata wa kansa ba.

Abin lura shi ne, fasahar inji ba ta tsaya ba a waɗannan shekaru. Abin da ya sauya shi ne inda aka karkatar da ita. Matsakaicin ƙarfin inji ya tashi daga ƙarfin doki 118 a 1987 zuwa 211 a 2004, nauyi ya koma sama da kilo 1,860, tsimi kuma ya sauko zuwa mil 19.3 a galan. Wato an sayi ƙarfi da girma da ci gaban da ya kamata a sayi tsimi da shi. Duk da haka, ba a koma mil 13 na 1975 ba, domin dokar ta zama ƙasa da ba a iya nutsewa a wuce ta.

3.7 Dawowar Tsada Daga 2005

Bunƙasar tattalin arzikin Sin da Indiya, da yaƙin Iraƙi na 2003, sun sake ɗaga farashi. Bayan guguwar Katrina a 2005 galan ya haura dala 3. A watan Yuli na 2008 ganga ta kai dala 147, galan kuma ya wuce dala 4. Kasuwar manyan jif ta faɗi, tarihin 1979 ya maimaita kansa. Toyota Prius, wadda ke haɗa injin fetur da injin lantarki mai batir, ta fito a Japan tun 1997, ta shiga Amurka a 2000, kuma a wannan lokaci ne ta sami karɓuwa sosai. A 2009, bayan rikicin kuɗi na duniya ya haɗu da faɗuwar ciniki, General Motors da Chrysler suka bayyana karayar arziki, sai da gwamnati ta ceto su da kuɗin jama'a.

A ɓangaren doka, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar 2007 da ta sa burin mil 35 a galan kafin 2020. A 2009 gwamnati ta kashe dala biliyan 3 wajen ba mutane rangwame su miƙa tsofaffin motocinsu masu shan mai su sayi sababbi, inda aka musanya kusan motoci 700,000. A 2012 gwamnatin Obama ta sa burin mil 54.5 kafin 2025. A wannan karo an ƙara wata hujja a kan ta tsaron ƙasa, wato rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi. Sai dai batun ya koma na jam'iyya. Gwamnatin Trump ta sassauta ƙa'idar a 2020, ta Biden ta sake tsaurara ta, sannan a 2025 majalisa ta soke tarar da ake ci wa kamfanin da ya gaza cika ta.

3.8 Hanyar Turai da Japan

Ƙasashen Turai da Japan sun bi hanyar da Amurka ta guje wa, wato haraji. Harajin gwamnatin tarayyar Amurka a kan galan ya tsaya a santi 18.4 tun 1993, alhali a yawancin ƙasashen Turai ta Yamma haraji ya kan kai rabin kuɗin lita ko fiye. Saboda haka ko da ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, direban Faransa ko Italiya bai taɓa ganin araha irin ta Amurka ba, bai kuma rabu da ƙaramar mota ba. A Japan ana sassauta haraji ga wasu 'yan ƙananan motoci da aka ƙayyade girman injinsu, kuma a ƙarshen shekarun 1990 ƙasar ta ɓullo da tsarin ɗaukar motar da ta fi tsimi a kowane rukuni a mayar da ita ma'aunin da saura za su cimma.

Wannan hanya ma tana da nata aibi. Yawancin ƙasashen Turai sun sassauta wa man dizil haraji saboda injinsa ya fi tsimi, har motocin dizil suka kai kusan rabin sababbin motoci. A watan Satumba na 2015 aka gano cewa Volkswagen ya sanya wa motoci kimanin miliyan 11 wata manhaja da ke ɓoye yawan gurɓataccen hayaƙinsu a lokacin gwaji. Wannan ya nuna cewa doka ba ta wadatarwa sai da sa ido.

3.9 Matsayin Nijeriya

Abin da ya zama masifa ga Amurka a 1973 ya zama garaɓasa ga Nijeriya. Ƙasar ba ta shiga takunkumin ba, ta ci gaba da sayar da manta a sabon farashi, kuɗi suka shigo gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ba ma'aikata da yawa damar sayen mota ko babur. A 1975 kamfanin Peugeot, wanda Hausawa ke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko. Gwamnati ce ke yanke farashin mai, inda lita ba ta kai kwabo 9 ba a 1973, ta koma kwabo 15.3 a 1978, sannan kwabo 20 a 1982. A daidai lokacin da duniya ke koyon tsimi, mai mota a Nijeriya ba shi da dalilin tambayar yawan man da motarsa ke sha.

Tsadar ta iso Nijeriya ne a lokacin da take sauka a wasu wurare. Faɗuwar farashin ɗanyen mai ta rage kuɗin shigar gwamnati, aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 zamanin Janar Babangida, darajar Naira ta faɗi, lita ta koma kwabo 39.5. Ƙarin da aka yi zuwa kwabo 42 a 1988 ya haddasa zanga-zangar da ta faro daga Jos. Lita ta kai Naira 11 a 1994. A watan Janairu na 2012 an ɗaga ta daga Naira 65 zuwa 141, zanga-zanga da yajin aiki suka sa aka dawo da ita 97. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya bayyana janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kimanin 500, ta kuma haura 1,000 a wasu garuruwa a ƙarshen 2024.

Bambancin shi ne, masana'antun harhaɗa motoci na ƙasar sun durƙushe tun bayan SAP, don haka babu kamfanin da za a tilasta wa ya gyara inji. Jama'a ne suka nemo wa kansu mafita. Aka koma sayen ƙananan motoci na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano, irin su Golf da Starlet, waɗanda tsiminsu ya samo asali daga matsin da Turai da Japan suka shiga a shekarun baya. Acaɓa ta bazu a garuruwan Arewa daga ƙarshen shekarun 1980, daga baya A Daidaita Sahu ta biyo, musamman bayan hana acaɓa a Kano a 2013. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Ke nan tsimin mai a Nijeriya ya zo ne ta hanyar matsin rayuwa, kuma talaka ne ya fi ɗaukar nauyinsa ta kuɗin mota da tsadar kayan masarufi.

3.10 Kammalawa

A wannan babi an bi diddigin yadda tashin farashin mai a 1973 da 1979 da kuma 2008 ya tilasta ƙera motoci masu tsimi. An ga cewa abubuwa uku ne ke aiki tare, wato farashi da doka da fasaha. Farashi ne ke sauya ra'ayin mai saye cikin gaggawa, amma tasirinsa yana gushewa da zarar mai ya yi araha, kamar yadda ya faru a Amurka daga 1986 zuwa 2004. Fasaha kuwa tana ci gaba a kowane hali, sai dai ana iya karkatar da ita ga ƙarfi da girma idan babu abin da ya tilasta akasin haka. Doka ce ta hana Amurka komawa inda ta fito, kafar da aka bari a cikinta kuma ita ce ta cinye wani ɓangare na nasarar. Turai da Japan sun fi ɗorewa a kan ƙananan motoci saboda harajinsu bai bar mai ya yi araha ba. Nijeriya, wadda ta riƙe farashi a ƙasa na tsawon shekaru ba tare da masana'antar mota mai ƙarfi ko wadatacciyar hanyar sufurin jama'a ba, ta fuskanci tsadar ba tare da wani tanadi da zai rage wa jama'a raɗaɗinta ba.